Gaba ko baya? Abin da fayil ɗin wata kafaɗa ya koya mini

A watannina na farko a sashen adana bayanan marasa lafiya, aikina shi ne in karanta abin da likita ya rubuta, in sa masa lambar da ta dace a tsarin ICD-10-CM, wato jerin lambobin da ake ba cututtuka da raunuka. Wata rana fayil ɗin wani saurayi ya zo hannuna, an kawo shi ɗakin gaggawa cikin dare. Layi ɗaya tak likita ya rubuta: kafaɗar dama ta goce, an mayar.

Karatun da na yi ya nuna mini cewa kusan kashi 95 cikin 100 na gocewar kafaɗa, gaba kan ƙashin damtse yake zamewa. Sai na ɗauka wannan ma haka take, na buga S43.014A, lambar gocewa ta gaba a ɓangaren dama, na ɗauki fayil na gaba.

Washegari shugabar sashenmu ta kira ni, fayil ɗin a buɗe gabanta. Ta ɗora yatsa a kan lambar ta ce, "Malam, a ina ka ga an rubuta gaba?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ai galibi haka ne." Ba ta yi mini faɗa ba. Shafi kawai ta juya zuwa bayanin ma'aikaciyar jinya: farfaɗiya ce ta kayar da shi, ya zo da hannun manne a ciki, ba ya iya juya shi waje. Nan jikina ya yi sanyi.

Farfaɗiya da jan wutar lantarki sukan sa naman kafaɗa ya ɗaure da ƙarfin gaske, har ya tura kan ƙashin baya. Irin wannan gocewar ce ta fi ɓacewa likitoci, domin a hoton ƙashi da aka ɗauka ta gaba kawai sai ka ga kamar lafiya lau. Sai an ƙara ɗauka ta hammata ko ta gefe take bayyana. Duk da haka shugabar ba ta bari na canza lambar da kaina ba, don wannan ma zato ne. Muka tura wa likitan tambaya a rubuce, ya amsa cewa baya ce. Lambar ta koma S43.024A. Da bai amsa ba, akwai S43.004A, wadda ke cewa dama ce amma ba a fayyace inda ƙashin ya nufa ba.

Abin ya daɗe yana damuna, domin mai koya wa saurayin motsa hannu daga baya yana bukatar sanin gaskiyar. Motsin da ake hana mai gocewar gaba daban yake da wanda ake hana mai ta baya.

Tun daga nan na fara karanta bayanin likita da wani ido. Ina neman yadda abin ya faru, da ko ƙashin ya fita gaba ɗaya ko rabi ya zame, don kowanne da lambarsa. Ina duba ko akwai karaya, da ko an taɓa fatar gefen kafaɗa an tambayi mara lafiya yana ji, kafin mayarwa da bayanta, saboda jijiyar da ke ratsa hammata ita ta fi jin jiki a wannan rauni. Kafaɗar da ta saba gocewa kuwa gidanta daban, M24.411 idan ta dama ce.

Harafin ƙarshe ma ya taɓa ruɗa ni. Na zaci A na nufin zuwan farko, ashe tana nufin ana cikin ainihin maganin raunin ne, ko da wani likita ne daban ya karɓa. D ta lokacin warkewa ce, S kuma ta larurar da raunin ya bari.

Bayan mako uku saurayin ya dawo a duba shi. A wannan karon likitan ya rubuta ɓangare, ya rubuta baya, ya ƙara da cewa jijiya lafiya. Na karanta sau biyu, sannan na buga S43.024D.