Bencin coci ba ya ƙarya, hunturu ne ke tona asirin kafinta

Shekarata talatin da ɗoriya ina aikin kafinta a nan Jos, kuma mafi yawan abin da ke fita daga shagona kayan coci ne, benci, mumbari, teburin jibin Ubangiji, akwatin baiko (wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa a coci), sai kuma gadon aure da ƙofofi idan an kawo. Mutane suna yawan tambayata wai me ya sa kuɗina ya fi na wasu, to bari yau in zauna in faɗa, don na gaji da maimaitawa a bakin shago.

A 1992 babana ya kai ni wurin wani tsoho, kowa Baba yake ce masa, shi kuma a hannun turawan mishan ya koyi aiki a Gindiri. Wata shida ban taɓa zarto ba wallahi, iyakata ɗaukar falanki da jera shi a inuwa, a sa ƙananan itace tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa. Ni a lokacin gani nake bautar da ni kawai ake yi. Baba zai ɗaga falanki da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kai kunne, sai ya ce "ɗana, wannan yana kuka tukuna, mayar." Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a tafin hannu, ƙararsa a dushe take, busasshe kuwa kau kau kake ji. Yana da wani tsohon Littafi Mai Tsarki fassarar 1932 da bango ya fita, ya ɗaure da roba, kuma ayar da ya fi so ita ce Misalai 11:1, wadda ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Ban taɓa jin Baba ya yi wa mai saye wa'azi ba, amma na ga ya biya wata mata gida da ƙafa don ya mayar mata da canjin da yaro ya riƙe bisa kuskure.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Jos ruwa ake tafkawa a Yuli da Agusta, katakon da ka sayo a Kasuwar Katako lokacin cike yake da ruwa, idan ka haɗa benci da shi zai yi kyau ranar da aka kai, a yi addu'a a tafa, amma bari Disamba ta zo hunturu ya busa, sai katakon ya tsuke, mahaɗi ya buɗe baki, ƙusa ta leƙo ta yaga zanen wata mama ranar Kirsimeti. Shi ya sa ni sai na ajiye katako wata da watanni kafin in taɓa shi, kuma ƙafar benci ba na dogara da ƙusa, rami nake fafewa da kurfi in sassaƙa harshe ya shiga daidai, a sa gam a matse ya kwana. Benci guda mutum shida ko bakwai zai ɗauka, ga yaran Sande Sukul da ke hawa su yi tsalle, ga Zumuntar Mata idan waƙa ta yi daɗi ba mai zama shiru, to dole ƙafa ta riƙe.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu shafa wa malaina jan fenti su ce madaci ne. Malaina ba laifi gare ta ba, fara ce, ba nauyi, tana da araha, ni ma ina aiki da ita idan mutum ya ce ƙarfinsa ke nan, amma sai in gaya masa malaina ce. Madaci ja ne tun daga ciki, ka kankare da wuƙa ka gani. Iroko kuma daga kudu ake kawo shi, gara ba ta cika damunsa ba, kuɗinsa daban. Wani zai rubuta ayar Zabura ɓaro-ɓaro a allon shagonsa, rediyo na ta waƙoƙin yabo tun safe, amma ka juya kujerarsa ka ga katakon kwalin kaya aka liƙa a ƙasa. Yakubu ya riga ya faɗa a sura 2 ta wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, ni dai ban san wane aiki kafinta yake da shi da ya wuce kujerar da ya haɗa ba.

Su ma masu saye ba a bar su a baya ba. Da an ce "ɗan'uwa cikin Ubangiji" na san ragi za a nema. "Ai aikin Allah ne, ka yi mana sauƙi." To na ji, ina ragewa, akwai ƙaramar coci a ƙauye da na yi wa mumbari kyauta don na ga rufinsu ma ciyawa ce, amma mai katako ba ya karɓar amin a madadin kuɗi, yarana huɗu a shago su ma suna da ciki. Wanda ba zan manta ba shi ne wani ɗan kwamitin gini da ya zo da odar benci 40, muka gama ciniki lafiya, sai ya ja ni gefe ya rage murya ya ce "Oga, a rasit ɗin ka ɗan ƙara wani abu a kan kowane ɗaya, ka san mu ma muna wahala." Na ce masa ranka ya daɗe, kuɗin nan baikon gwauraye ne da masu sayar da tumatir a Farin Gada, hannuna ba zai rubuta ba. Ya tafi da aikin wani wuri. Ba zan ɓoye ba, daren nan ban yi barci ba, kuɗin makarantar yara na jirana, matata ce ma ta ce in bar juye-juye, Allah bai taɓa barinmu da yunwa ba.

Wanda nake sayen katako a hannunsa fiye da shekara ashirin wani Alhaji ne, yana ba ni kaya bashi ba takarda, ko a lokacin rikicin 2008 da gari ya rabu biyu kowa na tsoron unguwar wani, da ƙura ta lafa na aika masa cikon kuɗinsa ta hannun direba. Har yau idan ya gabatar da ni ga wani cewa yake "wannan i ɗinsa i ne", bai ma san daga Matiyu 5:37 maganar take ba. Shi ma dai wani lokaci yaransa kan cusa mini falanki mai tsagu a tsakiyar lodi, sai na sauke ɗaya bayan ɗaya na duba, mu yi 'yar hayaniya a canza.

Duk cocin da ke son sabbin benci kafin Kirsimeti don Allah a zo tun Satumba, kar a zo mini ranar 10 ga Disamba a ce sati biyu, ba zan karɓa ba ko an ninka kuɗin. Ranar Lahadi shago a rufe yake. Sauran ranaku kuwa ku zo da wuƙarku, ku kankare duk falankin da kuka ga dama.