Kananzir a Motar Abokin Aikina

Wata na huɗu ke nan a Shikago, har yanzu ban saba da sanyinsu ba. Wani Bature da muke aikin dare tare a sito shi ke rage mini hanya in mun tashi da asuba. Mutumin kirki ne, amma abin da yake sakawa a mota, wallahi ban taɓa jin irinsa ba. Ka ce dutse ne ya faɗa injin markaɗe, jita kuma kamar ana yankan kwanon rufi. Gangar ma ba mutum ke bugawa ba, inji ne, har sun rubuta sunansa, Roland, cikin 'yan ƙungiyar. Ya ce sunansu Big Black, faifan kuma Atomizer, na 1986, jagoransu Steve Albini a garin nan ya zauna har ya rasu a 2024.

Turancina bai kai in kama ihun mawaƙin ba. Kalma ɗaya na tsinta, kananzir. Sai raina ya yi fari. Na shiga ba shi labarin yadda Inna ke aike na da kwalba in sayo na fitila kafin magariba, da yadda take goge ƙwan da tsumma. Har na ce waƙar ta tuna mini gida, ina son ta.

Ya rage sauti ya kalle ni. Ya ce ai labarin saurayi ne a wani ƙaramin gari da zaman banza ya isa, har yana neman a cinna masa wuta da kananzir. Innalillahi. Kunya ta rufe ni, ban ƙara cewa uffan ba har ya ajiye ni.

Na yi sallah na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Ƙanena kawai nake gani. Shekara uku da gama bautar ƙasa, kullum yana kan benci a bakin shagon mai cajin waya. Inna ta ce mini ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, na ce zai wuce. Ni dai kuɗi nake turawa, ina ji da kaina don na sake mata rufin ɗaki.

Na duba agogo, azahar ta yi a Katsina. Na kira shi.

"Yaya, lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, hira na kira mu yi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce bari ya tashi daga cikin mutane.