Kowace Magana da Mai Ita

Wanda ya bi ta gaban shagona a Runjin Sambo, abin da zai gani shi ne kwamfutoci da injin fotokwafi da tulin kundaye masu baƙin bango da shuɗi suna jiran masu su, saboda haka mutane da yawa suna ɗauka cewa aikinmu ya tsaya ga buga rubutu da ɗaure shi. Muna yin waɗannan kuwa, kuma ba na shakkar a ajiye ɗaurinmu kusa da na kowa a cikin garin Sakkwato. Sai dai abin da yake sa ɗalibi ya taso daga Dundaye, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take, ko daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ya wuce shaguna da dama ya zo wurina, shi ne aikin madogara, wato tabbatar da cewa duk maganar da ya aro ya ambaci mai ita a cikin rubutu, kuma ya kawo cikakken bayaninta a manazarta yadda sashensa yake so. Na haura shekara 20 ina wannan aiki, kuma shi ne abin da nake so a san ni da shi.

Tushen abin a zauren mahaifina na same shi, Allah ya jiƙansa, lokacin da yake ba da karatun littattafai bayan La'asar a cikin tsohon gari, can wajen Hubbare. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa malaman da, idan za su ɗauko maganar wani, sukan ce wane ya faɗa a cikin littafi kaza, su kawo maganar yadda take, sa'an nan su rufe ta da kalmar "intaha", ma'ana a nan zancensa ya ƙare, abin da ya biyo baya na mai littafin ne. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu cike suke da wannan tsari. Idan almajiri yana biya karatu ya tsallake wannan kalma, mahaifina yakan ɗaga hannu ya ce, "Dakata, yaro. Wagga magana wa yaf faɗe ta, kuma ina taƙ ƙare?" Malam Abdullahi na Gwandu ma littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da abin da ya karanta a hannun kowannensu. Shi ya sa idan ɗalibi ya ce mini ambaton madogara wahala ce da Turawa suka ɗora mana, nakan tuna masa garin da yake zaune a ciki.

Hannun sana'ar kuwa na koye shi ne a wurin wani dattijo mai buga tafireta da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya buɗe shago. A lokacin ana yawan sa madogara a ƙasan shafi, kuma tafireta ba ta lissafa maka wuri, sai ka ƙidaya layukan da bayanin zai ci, ka yi ɗan alama da fensir a gefen takarda kafin ka fara bugawa. Idan lissafinka ya kuskure, shafin gaba ɗaya za ka sake. Wata rana ina buga babin wani ɗalibin tarihi, na buɗe alamar zancen wani na manta ban rufe ta ba, sai layi uku na bayanin ɗalibin suka shige cikin maganar marubucin da ya ɗauko. Maigidana ya karanta shafin a tsaye, ya ajiye shi a gabana ya ce, "Ka ɗora ma mutum maganar da bai yi ba, kuma ka raba yaron ga da tashi." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Na sake buga shafin, kuma har yau idan na ga alamar zance a buɗe sai idona ya bi ta har inda aka rufe ta.

Yadda muke aiki a shagona shi ne, idan kundi ya zo, kafin a taɓa tsarin shafi ko girman harafi, sai an buga shi a takarda na zauna da jan biro. Nakan bi shi daga babi na ɗaya zuwa na ƙarshe, duk inda na ga sunan marubuci da shekara a cikin baka biyu sai in juya manazarta in nemo shi in yi masa alama, sa'an nan in sake bi daga manazarta zuwa cikin rubutu, domin sau da yawa akan tarar da littattafai goma ko fiye an jera su a baya alhali ba a ambace su ko sau ɗaya ba. Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, a nan ne aikin yake da nauyi. Da zarar salon rubutu ya sauya farat ɗaya, yaron da jimlarsa take gajera ya koma zuba zance kamar shehun malami, na san ba bakinsa ba ne, sai in ja layi in rubuta tambayar mahaifina a gefe. Daga nan zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai ya bar maganar yadda mai ita ya faɗe ta, ya sa mata alamar zance da lambar shafi, ko kuwa ya rufe littafin ya bayyana abin da ya fahimta da nasa kalmomin, kuma duk da haka ya ambaci mai ra'ayin, domin sauya kalma ba ya mayar da tunanin wani ya zama naka.

Salon A.P.A., na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, shi ne wanda aka fi kawo mini, musamman daga fannin ilimi da kimiyyar zamantakewa. Bugu na 7 ya fito a ƙarshen 2019, kuma ya zo da sauye-sauyen da har yanzu wasu ba su lura da su ba: an daina rubuta garin da aka buga littafi, aikin da marubuta uku ko fiye suka yi ana ambaton na farko ne kawai a ce "da wasu" tun daga karon farko, a manazarta kuwa ana jera sunaye har 20. Maganar da aka ɗauko kai tsaye idan ta kai kalma 40 ana ware ta ne a matsa da ita ciki, ba tare da alamar zance ba. Ɗaliban likitanci galibi lambobi suke bi a salon Bankuba (Vancouver), inda ake ba kowace madogara lamba a cikin rubutu, ɗaliban tarihi kuma da yawa suna nan kan bayanin ƙasan shafi. Saboda haka tambayata ta farko ga kowa ita ce wane salo sashensa ya ce a bi, kuma wane bugu, domin malamin da yake duba aikin shi ne alƙali.

Akwai wurare da sai wanda ya daɗe a cikin aikin yake ganin su. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, an sake buga shi a Zariya a 1993, kuma ɗalibi yakan rubuta 1993 kaɗai, sai mai karatu ya zaci bayanin na jiya-jiya ne, alhali daidai shi ne a nuna shekarun biyu. Sunayenmu ma suna da tasu rigima: malami ɗaya sai ka gan shi a shafi na 12 da sunan garinsu, a shafi na 30 da sunan mahaifinsa, a manazarta kuma da sunansa na yanka, kamar mutum uku ne. Sai kuma ɗalibin da ya ga maganar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a cikin kundin wani, ya rubuta ta kamar shi ya buɗe littafin Larabcin da hannunsa. Wannan nakan sa shi ya ce kamar yadda wane ya ruwaito, ko kuma ya tafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ya nemi asalin, wanda shi na fi so. Hira da dattawa da mawaƙa da masu sana'a ita ma madogara ce mai haƙƙi, a rubuta wanda aka yi hirar da shi da wuri da kwanan wata, bayan an nemi yardarsa.

Abin da yake ci mini rai a wannan sana'a shi ne masu sayar da tsofaffin kundaye. Suna da kwamfuta cike da ayyukan da ɗalibai suka kawo musu bugu shekara da shekaru, amana ce aka bar musu, amma sai su cire sunan mai aikin, su sauya sunan ƙaramar hukuma, abin da aka bincika a Wamakko ya koma Bodinga, su miƙa wa wani yaro a kan kuɗin da bai kai na takarda da tawada a wurina ba. Na taɓa karɓar kundin da aka kawo mini ɗauri kawai, take yana maganar wata ƙaramar hukuma, jadawalin babi na huɗu yana ɗauke da sunayen ƙauyukan wata dabam, shafin godiya kuma yana gode wa miji alhali mai kundin saurayi ne. Na ce masa ba zan ɗaure ba. Ya yi fushi ya ce ai ɗauri ya kawo ba wa'azi ba, na ce masa zanen aro ba ya rufe katara, kuma ranar kare kundi shi kaɗai zai tsaya gaban malamai, wanda ya sayar masa yana shagonsa. Waɗannan mutane su ne suka ɓata mana suna, har wasu malamai suna kallon duk mai shagon kwamfuta da ido ɗaya.

Tun da manhajar Turnitin ta shigo, mai fitar da rahoton adadin kamancin rubutu da na wasu, ɗalibai suka samu wata sabuwar magana, sai mutum ya shigo da rahoto a hannu ya ce, "Malam, a sauko mini da shi." Nakan zaunar da shi in nuna masa cewa manhajar kamanci take nunawa, tana gwada rubutunsa da abin da ke rumbunta na shafukan intanet da mujallu da ayyukan ɗalibai, ta shafa launi a inda suka yi daidai. Zancen da aka ɗauko bisa ƙa'ida da jerin manazarta suna iya ɗaga adadin ba tare da laifi ba, haka kuma adadin yana iya zama ƙasa alhali an yi sata, musamman idan an fassara aikin wani daga Ingilishi ko Larabci zuwa Hausa an yi shiru da sunansa. Wannan satar fasaha ce cikakkiya ko na'ura ta gani ko ba ta gani ba. Masu arahar nan kuwa abin da suke yi shi ne su zuba babin cikin wata manhaja mai musanya kalmomi, adadi ya sauka, ma'ana ta watse, har ka ga sunan fannin da ɗalibin yake karanta an sauya shi da wata kalma marar kan gado. A wurina layi-layi muke bin rahoton, ni da mai aikin, shi yake sake rubutawa ni ina dubawa.

Daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, wato manhajar da take rubuta wa mutum amsar abin da ya tambaye ta, wani sabon aiki ya ƙaru mini, domin irin waɗannan manhajoji sukan ƙaga madogarar da babu ita, da sunan marubuci da mujalla da lambar shafi, komai tsaf a ido. Yanzu kowace maƙala da ke cikin manazarta sai na neme ta a Google Scholar, shafin neman ayyukan ilimi a intanet, mai lambar D.O.I. kuma, wato lambar shaidar maƙala a intanet, sai na buɗe lambar na ga inda ta kai ni. Wannan yana cin sa'o'i, ga zafin bazara, ga kuɗin man janareta, amma idan na faɗi farashi sai a ce mini can gaba ana yi rabin haka. Ana yi kuwa, tun da can ba a buɗe ko maƙala ɗaya.

Bara wata malamar firamare mai neman digiri na biyu ta zo mini tana hawaye, malaminta ya mayar mata da babi na biyu karo na uku. Ba ta yi niyyar sata ba, matsalarta ita ce tun tana tattara bayanai ta cakuɗa maganganun marubuta da nata tunanin a littafin rubutu ɗaya ba tare da alama ba. Na ce mata, "Ɗiyata, kwantar da hankalinki, ki kwaso duk takardun da kika karanta." Mako biyu tana zuwa bayan an tashi makaranta, muna mayar da kowace magana ga mai ita, na kuma sa mata Zotero, manhajar adana madogara, a kwamfutarta na koya mata yadda za ta adana bayanin littafi tun ranar da ta fara buɗe shi. Ta kare kundinta lafiya, kuma a bana ɗalibai huɗu ta turo mini daga makarantarsu.

Wanda zai kawo mini aiki, ina roƙonsa ya zo aƙalla mako biyu kafin ranar miƙawa, ya zo da takardar ƙa'idojin sashensa, da hoton bangon kowane littafi da ya yi amfani da shi haɗe da shafin da ke nuna shekara da maɗaba'a, da lambobin shafukan da ya ɗauko zance. Ba na rubuta wa kowa kundi, kuma da zarar mai aiki ya karɓi nasa ya tabbatar komai ya cika, a gabansa nake goge kwafin daga kwamfutar shago. Muna buɗewa da ƙarfe 8 na safe har zuwa Magariba, ban da ranar Juma'a da muke tashi da hantsi mu dawo bayan an sauko daga masallaci.