Ɗaurin goyo yana canzawa da girman yaro: daga zani da majanyi zuwa jakar goyo

A Katsina ba a koya wa mace goyo a makaranta. Tun tana 'yar shekara bakwai take goya ƙanenta, kafin nan ma ta goya tabarya ko 'yar tsana. Shi ya sa da yawa suke ganin babu wani sabon abu da za a gaya musu. Amma ɗaurin da ya dace da yaro ɗan wata takwas yana iya cutar da jinjiri ɗan mako uku, kuma yanzu jakar goyo ta zamani ta shigo kasuwa, ana sa ta cikin kayan suna, ba tare da mai saye ko mai sayarwa sun san iyakarta ba.

Wata huɗun farko su ne wurin da ya kamata ki fi sa ido. Kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa, maƙogwaronsa kuma siriri ne mai taushi. Idan ya naɗe cikin goyo har haɓarsa ta kwanta a ƙirjinsa, hanyar iska tana matsewa kamar an lanƙwasa tiyon ruwa. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari shi ne ba ya kuka. Shiru yake yi, uwa ta ɗauka barci ne ya yi daɗi. A shekarar 2010 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta ja kunnen iyaye kan goyon jarirai 'yan ƙasa da wata huɗu cikin jaka mai kamar lilo, kuma a watan Maris na shekarar aka janye kusan miliyan ɗaya na irin wannan jaka ta kamfanin Infantino bayan rasuwar jarirai uku. Irinta mai igiya ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa, yaro ya kwanta ciki a dunƙule, idan kin gan ta cikin gwanjo ki wuce, komai arharta.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Yatsunki biyu su iya shiga tsakanin haɓar jariri da ƙirjinsa. Fuskarsa ta juya gefe, kuncinsa a jikinki, hanci da baki a sarari. Bayansa ya ɗan yi baka kaɗan yadda halittarsa take, amma kada ya zube ƙasa ya dunƙule. Idan kika danna bayansa da tafin hannu kika ji ya ƙara matsowa jikinki, ɗaurin ya yi sako-sako, ki kwance ki sake.

A gidajenmu wasu suna fara goyon baya da zarar cibiya ta faɗi an yi suna, wasu sai an yi arba'in. Masu ƙera jakar goyo kuwa suna cewa kada a kai yaro baya sai ya iya zama da kansa, wajen wata shida. Bambancin yana da dalili: zani yana bin jikin yaro ya rungume shi, jaka kuma faɗinta ɗaya ne, ƙaramin yaro yana nutsewa ciki. Duk da haka jinjirin da ke bayanki ba kya ganin fuskarsa. Idan dole sai an goya shi a wannan lokaci, a sa wani ya riƙe shi ya ɗora miki, ya kuma duba hancinsa bayan kin ɗaure. Bakin zanin na sama ya kai ƙeyarsa, daidai tsakiyar kunne, hannayensa a ciki. Kada zanin ya haura ya rufe kan gaba ɗaya. Ki ɗora shi sama, kansa ya kai tsakanin kafaɗunki, inda za ki ji numfashinsa kuma ki iya hango shi idan kin waiga. Goyon da ya sauka ƙugu na manyan yara ne.

Zani falle ɗaya, yadi biyu, ya isa. Atamfar auduga wadda ta sha wanki ta fi kamawa. Leshi, yadi mai santsi da shadda mai sitati suna zamewa, kuma kullin da aka soke yana warwarewa a hankali ba ki sani ba. Bakin zanin na ƙasa ki tura shi sosai ƙarƙashin ɗuwawun yaro har ya kai bayan gwiwoyinsa, ya zama kamar kujera. Sannan majanyi ya bi ta ƙarƙashin ɗuwawu, ki kawo shi gaba ki ƙulla sau biyu. Majanyi na saƙi ya fi tawul: tawul yana riƙe zafi, kuma kaurinsa ba ya barin kulli ya zauna. Akwai wani abu da masu shayarwa kan manta. Ɗaurin sama idan ya daɗe yana danne nono wuri ɗaya, ruwan nono yana iya taruwa ya yi ƙullutu mai zafi, wani lokaci har da zazzaɓi. Ki riƙa ɗaure shi can saman ƙirji, kuma nauyin ya fi zama kan majanyi.

Yanzu maganar hijabi, wadda ita ce tamu da ba za ki same ta a takardar da ke cikin kwalin jaka ba. Mace ta goya jariri, ta zumbula hijabi har ƙasa, ta kama hanyar asibiti ko gidan biki da ƙarfe ɗaya na rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina da Daura yana wuce digiri 40. Yaron yana tsakanin zafin jikinki, da zani, da majanyi, da hijabi mai roba wanda iska ba ta ratsa shi, ga hula da safa da rigar sanyi da aka sa masa don kada mura ta kama shi. Jariri ba ya iya fitar da zafi yadda babba yake yi. Ki lissafa zanin goyo a matsayin riga guda. Da bazara 'yar shimi da kunzugu sun wadatar. Ki zaɓi mayafi ko hijabi mara nauyi, ki bar wa fuskarsa hanyar iska ta gefe, kuma duk bayan mintuna kaɗan ki sa hannu ki taɓa ƙeyarsa. Idan ta yi zafi ta jiƙe da gumi, ko yaron ya yi laushi, ko maɗigarsa ta faɗa, ko fitsarinsa ya ragu, ki sauke shi a inuwa ki ba shi nono. Ɗan ƙasa da wata shida nono ne ruwansa. In ya ƙi kamawa ko ya kasa farkawa sosai, asibiti kai tsaye. Da hunturu ma ƙa'idar ɗaya ce: a rufe kai da ƙafa saboda sanyi, a bar hanci.

Bakwaini da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5 nasu daban ne. Ba a kai su baya. A ƙirji ake ɗaure su, a tsaye tsakanin nonuwa, fata da fata, da hula da kunzugu kawai. Wannan hanya an fara ta ne a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yin ta. Ma'aikatan ɗakin jarirai za su nuna miki yadda ake ɗaurin kafin a sallame ki. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kuma ta jira kimanin mako shida, ko sai likita ya ce, kafin ta ɗaura majanyi ko bel ɗin jaka kan wurin ɗinki.

A kowane irin goyo, ƙafafun yaro su buɗe kamar na kwaɗo, gwiwa ta ɗan fi ɗuwawu tudu. Wannan zaman shi ne yake sa kan ƙashin cinya ya zauna daram cikin gurbinsa, kuma nan goyonmu na gargajiya ya yi wa jakunkuna da yawa fintinkau. Zancen cewa goyo yana sa ƙafar baka ba shi da tushe. Yawancin yara ƙafarsu tana ɗan lanƙwasa har wajen shekara biyu ta miƙe da kanta. Jaka mai siririn mazauni, wadda yaro ke rataye ta tsakanin cinyoyi ƙafafu na reto, ita ce abin gudu. Mazaunin ya tallafe cinya daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa.

In za ki sayi jaka, a babbar kasuwar Katsina ne ko a intanet, fara da duba nauyin da aka rubuta. Yawanci suna farawa daga kilo 3.2 ko 3.5, su ƙare a kilo 15 ko 20. Ki nemi mai faffaɗan bel na ƙugu da igiyoyin kafaɗa biyu masu soso. Ki ja kowane ɗinki da ƙarfi, musamman inda igiya ta haɗu da jikin jakar. Ki maƙala kowane maɓalli sai kin ji ya yi ƙas, sannan ki fizga. Robar da ta sha rana tana yin fari-fari ta tsage, kuma ta gwanjo sau da yawa haka take. A jaka, jariri yana gaba ne yana fuskantar ƙirjinki, kansa kusa yadda in kin sunkuyar da kai za ki sumbace shi. Juya shi ya kalli waje sai wuyansa ya tsaya sosai, wajen wata biyar zuwa shida, na ɗan lokaci, kuma da ya fara gyangyaɗi a juyo da shi, domin a wannan zaman babu abin da ke tare kansa.

Daga wata shida zuwa sama matsalar numfashi tana raguwa, wasu kuma su taso. Zani ya koma ƙarƙashin hammata, hannaye a waje, kuma hannun nan yana kaiwa inda ba ki zata ba: marfin tukunya, wuƙa, wayar wuta, butar shayi. Mai tuyar ƙosai ko awara da goyo ta sani duk juyawar da ta yi, ƙafar yaron ce ke fuskantar kasko. Ki durƙusa da gwiwa in za ki ɗauki abu a ƙasa, hannu ɗaya a ɗuwawunsa, don yaro mai ƙarfi yana iya banƙarewa ya sulluɓe ta sama. Ki kula da bakin ƙofa da rufin Keke Napep wajen shiga. A kan babur, yaron da ke baya yana iya zama farkon wanda zai taɓa ƙasa in an faɗi, kuma goyo ba ya maye gurbin kujerar yara a mota.

Nauyi ma yana da lissafi. Yaro yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya kai kilo tara zuwa goma a shekara ɗaya, kilo sha biyu a shekara biyu. Yarinya 'yar shekara bakwai da ba ta fi kilo ashirin da 'yan kai ba, in aka ɗora mata ɗan shekara guda ta ɗauki kusan rabin nauyinta, kuma ba ta san alamar yaron da numfashinsa ya toshe ba. Jinjiri dai kada a ba ta shi ta goya. Mai zama da rarrafe, babba ya ɗaure mata da kansa, a tsakar gida, nesa da murhu da bakin rijiya.