Katin da Spieth ya sa wa hannu

Safiyar Asabar, 17 ga Fabrairun 2024, ina dawowa daga sallar asuba na ciro waya don in ga yadda Jordan Spieth, ɗan wasan golf na Amurka, ya kwana. Tsakaninmu da Los Angeles awa tara ce a wannan lokaci na shekara, saboda haka kafin su tashi daga wasan Juma'a a filin Riviera ni na yi nisa a barci. Na bi jerin sunaye daga sama, ban gan shi ba. Sai can ƙasa, ƙasan waɗanda suka yi wasan banza ma, na tarar da sunansa da alamar kora a gefe. Bai ji ciwo ba, bai yi faɗa da kowa ba. A rami na huɗu ya yi bugu huɗu, katin lissafinsa ya nuna uku, ya sa hannu ya fita. Shi ke nan, gasar ta ƙare masa, ni ma makona ya tafi a banza.

Ni akanta ne a wani kamfani a Abuja, kuma ban taɓa riƙe sandar golf ba. Wasan da 'yan rediyo kan kira ƙwallon lambu, a da ina yi masa kallon yawon masu kuɗi da rana tsaka. Wani abokin aikinmu ɗan Afirka ta Kudu ne ya jawo mu a 2021, mu goma sha biyu, cikin irin fantasin da matasa ke yi da Firimiyar Ingila, sai dai namu na golf ne. Sharaɗin da na fara gindayawa shi ne ba kuɗi, don ba zan shiga caca da girmana ba. Aka yarda. Wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen kaka ana ajiye masa wani kofin roba a kan tebur, na ƙarshe kuma ya sha tsiya shekara guda.

Tsarin ba shi da wuya a baki. Kowane mako ka zaɓi ɗan wasa ɗaya kafin a fara gasa ranar Alhamis. Duk dalar da ya ci a wannan gasa ita ce makinka. Amma da zarar ka yi amfani da mutum, ya haramta gare ka sai baɗi. Gasa kwana huɗu ce, rami 72, mai ƙarancin bugu shi ke ci, kuma a yawancin gasannin PGA Tour, ƙungiyar da ke shirya gasannin ƙwararru a Amurka, ana tankaɗe bayan kwana biyu, a bar mutum 65 na sama da duk wanda ya yi kunnen doki da na ƙarshensu. Wanda rariya ta zubar yakan koma gida hannu rabbana, kai ma da ka zaɓe shi sifili.

Na shiga da girman kai irin na mai aiki da lambobi. Cikin wata biyu na gina jadawali a kwamfuta wanda ya fi wasu rahotannin ofis ɗinmu kyau. A nan na san aikin Mark Broadie, malami a jami'ar Columbia, wanda ya fito da hanyar auna kowane bugu da abin da matsakaicin ɗan wasa zai yi daga daidai wannan wuri. PGA Tour ta fara amfani da ita a 2011. Abin da na tsinta a ciki ya yi min amfani ƙwarai: wanda ya ci gasa saboda hannunsa ya yi zafi wajen tura ƙwallo rami daga kusa, kada ka bi shi mako mai zuwa, wannan zafin zuwa yake ya tafi. Wanda ke ajiye ƙwallo kusa da tuta daga nesa shi ne abin dogaro. Har gobe ina ganin wannan gaskiya ne. Sai dai bai taɓa ba ni kofin roba ba.

A watan Yunin 2021 jadawalina ya ce Jon Rahm a gasar Memorial, wadda tsohon gwarzon golf Jack Nicklaus ke shiryawa a jihar Ohio. Rahm ne ya ci ta a 2020, kuma lambobinsa sun fi na kowa. Daren Asabar ina zaune ina kallo, ya gama rana ta uku yana kan gaba da tazarar bugu shida. Na riga na rubuta saƙon tsokana zan tura wa abokan aiki, sai ga jami'ai sun tare shi a gefen rami na 18 suna yi masa magana, ya dafe fuska ya sunkuya. Gwajin korona ya nuna yana ɗauke da cutar, dole ya janye. Patrick Cantlay ya ɗauki kofin da sama da dala miliyan ɗaya da rabi.

Ranar Litinin na tari mai shirya mana wasan da ƙorafi. Na ce ai wannan ba laifina ba ne, a maido min da Rahm ko a ba ni makin wanda na ajiye a madadi. Bai yi musu da ni ba. Ya buɗe saƙon da ya tura mana a watan Janairu, ya nuna min layi na bakwai: ana sauya ɗan wasa ne kawai idan ya janye kafin bugunsa na farko. A ƙasan saƙon ga amsata, kalma biyu, "Na amince." Wallahi ban karanta ba. Mako biyu bayan haka Rahm ya ci US Open a Torrey Pines, dala miliyan 2.25, ni kuwa ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Akwai kuma cutar ajiya, wadda ta fi kama mu akantoci. A 2024 na ɓoye Scottie Scheffler kamar kuɗin magani. Ya ci gasar Arnold Palmer ina kallo, ya ci The Players ina kallo, ya ci Masters da RBC Heritage da Memorial, duk ina cewa ajiya maganin wata rana. Na fito da shi a US Open a Pinehurst, ya ƙare a wajen na 41. Abin haushin ma, da na zauna na kalli abin da muke ƙirgawa, wato kuɗi ba daraja ba, da na ga The Players ta biya wanda ya ci ta dala miliyan 4.5 a shekarar, Masters da ake saka wa zakaranta koren kwat, da duk tarihinta, miliyan 3.6.

To amma duk waɗannan dariya ce. Maganar Spieth ce ta tsaya min a rai, kuma da farko fushi na yi. A gasar PGA Tour akwai mai bin kowane rukuni yana rubuta bugu, akwai na'urorin ShotLink da ke auna inda kowace ƙwallo ta faɗi, ga kyamarori, ga duniya tana kallo. Kowa ya san huɗu ya yi. A kan me za a kori mutum saboda lambar da ke kan kwali? Na nemo littafin dokokin da R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka suke fitarwa tare, niyyata in samo hujjar da zan yi ta mita da ita a ofis. Na buɗe doka ta 3.3, sai na ga kamar aikina ake bayani.

Ɗan wasa ba shi yake rubuta wa kansa kati ba, abokin karawarsa ne ke rubutawa. Idan an gama sai mai rubutu ya sa hannu, shi ma mai kati ya duba rami bayan rami ya sa nasa. Haɗa jimla ba aikinsa ba ne, na kwamiti ne, idan an yi kuskuren tarawa ba ruwansa. Abin da ke wuyansa shi ne lambar kowane rami. Idan ya sa hannu a kan lambar da ta yi ƙasa da abin da ya buga, kora ce. Idan ta yi sama, an bar shi da ita, ya ja wa kansa.

Wannan kashi na biyu shi ya cinye Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina a Masters ta 1968, ranar 14 ga Afrilu, ranar da ya cika shekara 45 cif. Ya yi bugu uku a rami na 17 a gaban jama'a da talabijin. Tommy Aaron da ke riƙe da katinsa ya rubuta huɗu. De Vicenzo ya sa hannu bai duba ba, 65 ɗinsa ta koma 66, jimlarsa 278 maimakon 277. Bob Goalby mai 277 ya sa koren kwat ba tare da an je wasan raba gardama ba. Mutumin da ya ci British Open a shekarar da ta gabata, bugu ɗaya da bai yi ba ya raba shi da damar cin Masters. Abin da ya faɗa wa 'yan jarida shi ne cewa shi ne wawan. Bai ɗora wa Aaron ba, a ranar ko bayanta. Aaron kuwa, ikon Allah, shi ya zo ya ci Masters a 1973. Spieth ma a daren da aka kore shi ya rubuta cewa laifin nasa ne gaba ɗaya.

Ba zan ce duk hukuncin golf adalci ne ba. Abin da aka yi wa Lexi Thompson a 2017 ya wuce gona da iri: wani mai kallo a gida ya aika imel cewa ta mayar da ƙwallo ba daidai inda ta ɗauke ta ba a wasan ranar da ta gabata, aka tare ta tsakiyar wasan ranar ƙarshe aka ƙara mata bugu huɗu, ta rasa babbar gasa. Su kansu masu dokar sun ji kunya, daga 2018 suka daina sauraron masu kira daga falo. Bayan Spieth ma PGA Tour ta ba da minti 15 na gyara kati. Amma ainihin dokar sa hannu na daina ganin ta tsufa. Littafi ɗaya ne ke aiki a Riviera da filin golf na Kano da na Rayfield a Jos, inda ba kyamara ba na'ura, sai mutum biyu da fensir. Idan sa hannu bai da nauyi a can inda ake kallo, a nan da ba mai kallo me ya rage?

Abin da ya sa na kasa barin maganar kuwa wani tsohon fayil ne. A 2022 wani matashi da ke ƙarƙashina ya shirya baucar biyan wani ɗan kwangila. Kuɗin naira 1,890,000 ne, ya rubuta 1,980,000. Duk akanta ya san irin wannan kuskure, lamba biyu ne suka yi musayar wuri, kuma bambancin kullum yana rabuwa da tara. Baucar ta zo teburina ranar Alhamis da yamma cikin wasu fiye da ashirin, na duba jimla da sunan banki, na sa hannu a gurbin "wanda ya bincika". Kuɗi ya fita. Da odita ya gano, sai da aka yi wata biyu ana bin ɗan kwangilar kafin ya dawo da dubu casa'in. Ni da hannuna na rubuta wa yaron takardar tuhuma. Na yi masa faɗa a gaban mutane kan rashin natsuwa, ya tsaya hannu a baya yana "A yi haƙuri, Oga." Ba wanda ya tuhume ni, ni ma ban tuhumi kaina ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa.

Shekara biyu ina ba da labarin nan a matsayin labarin sakacin yaran zamani. Sai da na karanta na De Vicenzo na ga inda nake tsaye a ciki. Yaron shi ne Aaron, ya yi kuskuren rubutu kamar yadda kowa ke yi. An ƙirƙiri gurbin sa hannuna ne daidai saboda an san mai rubutu zai yi kuskure wata rana. Jimla na duba, abin da kwamfuta ke yi ba tare da ni ba, na bar layi-layi wanda shi ne aikina.

An riga an mayar da yaron sashen saye-saye a lokacin. Ranar Litinin da ta biyo bayan korar Spieth na sauka bene na same shi, ya miƙe tsaye da sauri yana zaton wata matsalar ce.

"Zauna, Malam. Ka tuna baucar nan ta ɗan kwangila?"

"Oga, ai ya wuce tuni."

"Bai wuce ba, takardar tana cikin fayil ɗinka. Sa hannuna ne ya fitar da kuɗin, ba naka ba. Ka yafe min."

Ya rasa abin da zai ce, sai ya hau gyara takardun da ke gabansa. Na koma sama na rubuta wa sashen ma'aikata cewa a cire takardar, in ba ta ciruwa a haɗa da bayanina. Suka amsa cewa ba a cire abin da ya shiga fayil, amma sun maƙala nawa a bayanta. Matar da ta karɓa ta karanta sau biyu, ta ɗago ta ce, "Yallaɓai, ka san wannan kai zai ja wa magana?" Na ce na sani.

Yanzu baucoci kan kwana a teburina, masu kawowa suna ƙorafi a bayan idona, har wani ya laƙaba min "Sai Gobe". A fantasin kuwa na gama kakar 2024 a na tara cikin goma sha biyu. Kofin roba ya tafi teburin wata 'yar sashen shari'a da ba ta da jadawali ko ɗaya, wadda ta ce min ita abin da take fara dubawa kowace Laraba shi ne nawa gasar za ta biya, kuma ko akwai tankaɗe ko babu.