Na Je Kumasi Ɗaurin Aure, Na Dawo Da Labarin 'Yan Ajinmu

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu ƙafafuna a kumbure suke. Rabona da Kumasi tun 2014, da muka gama karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha da ke can Kumasi a ƙasar Gana, sai ga katin ɗaurin auren Dogo, ɗan ajinmu, a waya. Na leƙa kuɗin jirgi, na ga ba tsarana ba ne, na bi ta ƙasa: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan wani jami'i ya karɓi katina na rigakafin shawara, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce hatimin bai fito ba. Hatimi kuwa ga shi ɓaro-ɓaro. Ya wurgo mini fasfo, ya ce in koma gefe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda mu shiga ba biza har kwana 90, amma ba ta ce uffan ba a kan kuɗin shayi. Sai da hannu ya gaisa da hannu na wuce.

Daga Akara zuwa Kumasi kilomita kusan 250 ne, barci na yi.

A Aboabo aka sauke ni, gidan su Dogo. Mahaifiyarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, matarka ya haihu?" Na manta Hausar Zango, wato unguwannin Hausawan Gana, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Na ce, "Ta haihu, Hajiya, uku." Kakanta bafatake ne daga Kano, goro ya kawo shi ƙasar Asante ya zauna, don haka a wurinta ni ɗan'uwa ne da ya zo daga gida. Da safe koko da ƙosai, da hantsi kuma wace, wato wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, aka zuba taliya, gari, dafaffen ƙwai da baƙin yajin nan shito. Garau-garau ɗinmu a gabansa maraya ne. Na ciro kuɗi zan ba yaran gida, ta harare ni, na mayar aljihu.

Daren jajibiri muka haɗu mu bakwai a kan benci a ƙofar gida. Nan fa aka buɗe faifai.

Wanda muke kira Farfesa, da ya fi kowa maki, ba ya nan. A waya muka gan shi daga Kanada, cikin rigar sanyi har kunne. Bayan hidimar ƙasa ya shekara uku yana yawo da takardu, ya gaji ya fita. Da rana yana jidar kaya a wani sito, da dare yana karatun jarrabawar da za ta sa a yarda injiniya ne. Yana dariya, amma idonsa ya faɗa. Da ya kashe waya, sai da muka ɗan yi shiru.

Shi kuwa Na-baya, wanda da ƙyar da jiɓin goshi ya fita, shi ya biya kuɗin naman da muka ci. Washegari ya ja ni garejinsa a Suame Magazin, unguwar makanikai da maƙera da ba ta da iyaka, ko'ina ƙarar guduma da baƙin mai. A gabana aka turo wata mota da ta gagari mutum uku. Ya jona mata kwamfuta ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya sa yaro ya canja wata 'yar na'ura da ba ta kai babban yatsa ba. Mota ta tashi. Yaransa tara, kowa "Masta, Masta". Ya ce mini, "Cale (wato aboki), ni digirina yana ƙasan akwatin tsohuwa, ko buɗe shi ban yi ba."

Mace ɗaya tilo 'yar Zango a ajinmu tana aiki a mahaƙar zinariya a Obuwasi. Da motar aiki ta zo, ta gaishe da Hajiya har ƙasa, ta zazzage mu a kan ba ma zumunci, ta juya. Ɗaya yana koyarwa a Tamale. Ɗaya ya faɗa siyasa, bai bar kowa ya yi magana ba. Ɗaya ya rasu shekara biyu da suka wuce, ni kaɗai ban ji ba. Allah ya jiƙansa.

Da aka zo kaina na ce ina haɗa sola a Kano. Suka kwashe da dariya, wai ina manyan Najeriya masu biyan kuɗin makaranta da dala? Lokacin dala ba ta kai naira 200 ba. Yanzu duk sidin (kuɗin Gana) da na kashe sai na lissafa shi da naira, gabana ya faɗi.

A kasuwar Kejetiya na taya atamfa, matar ta ce miliyan uku. Na ajiye zan gudu, Dogo ya riƙe ni. Ashe da tsohon kuɗi take lissafi, na kafin 2007 da aka yanke sifili huɗu, sidi 300 take nufi. Muka daidaita a 240. Abin da ya burge ni, ko ka taya ka fasa ba mai zaginka, kuma ba a miƙa kuɗi da hagu sai an ba da haƙuri.

An ɗaura aure lafiya bayan azahar. Fadar Manhyiya, ta sarkin Asante, daga waje na hango ta. A Akara na yi Juma'a a babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, na ci tuwo a Nima, na kama hanya.

Kwalbar shito da Hajiya ta cusa mini a jaka ta buɗe a wajen Seme, ta jiƙa atamfar gaba ɗaya. Uwargida ta wanke sau uku, har yanzu tana ƙamshin kifi.