Dabba ta mutu a gida: rami ko wuta, kuma ina za a kai tokar?

A Indiya da Japan galibi ƙona gawa ake yi, a miƙa wa dangi toka a ɗan tulu. Mu nan mamaci wanka ne da likkafani da sallah, sai makabarta. Maganar toka ba ta tasowa sai a kan dabba: sa ya faɗi a turke ba a kai ga wuƙa ba, ko dokin da aka yi shekaru ana hawan sallah da shi, ko kyanwar da yara suka shaƙu da ita.

Abin da aka saba shi ne a ɗaura wa mushe igiya a ja shi bayan gari, a bar wa karnuka da ungulu, ungulun ma yanzu sai an wahala ake ganinta. Wannan rowar ƙarfi ce. Daga nan cuta ke komawa garken maƙwabci.

Kafin a taɓa, a tsaya a duba. Idan dabba ta kwana lafiya aka wayi gari ta mutu, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini na fita ta hanci da baki da dubura kuma ya ƙi daskarewa, to a yi zaton ciwon saifa, wato anthrax, irin wanda aka tabbatar a Suleja a watan Yulin 2023. Kada a feɗe, kada a ce ai fatar ba za ta tafi a banza ba. Ƙwayar cutar da ta sha iska takan yi ɓawo, ta zauna a ƙasa shekaru gommai, kuma tana kama mutum. A toshe kafofin da tsumma, a rufe da tamfol, a kira malamin dabbobi.

In ba wannan ba ne, rami ya fi sauƙi. Sa ko doki na son zurfin mita 2, yadda ƙasar da za ta hau kansa ba za ta gaza mita 1 ba. Kyanwa, kare ko akuya mita 1 ya isa. A nisanci rijiya da burtsatse da kamar mita 250, a zaɓi tudu. Mutanen Auyo, Ringim da Haɗejiya su kula da kyau: a fadama ruwa na kusa, ambaliyar damina kuma tana tone abin da aka binne. In kana haƙa ka ga gindin ramin ya fara tsattsafo, canza wuri. A tura mushen tare da shimfiɗar da ya mutu a kai da ƙasar da jini ya jiƙa, a cike, a daddaɓe, a yi tozo domin wurin zai lotsa bayan 'yan makonni, sannan a jibga ƙaya saboda karnuka da dila.

Ƙonawa kuwa mutane na raina ta. Murhun da ake ƙona gawa a ƙasashen waje zafinsa na haura digiri 800, kuma abin da ake kira toka, kilo 2 zuwa 3 ga babban mutum, ƙashi ne da aka niƙa da inji. Damin kara biyu da ɗan kananzir ba za su yi wannan aikin ba. Babbaka kawai za ka yi, waje ya yi baƙi, ciki ɗanye, ga wari ya cika unguwa. In dole ce, a haƙa kwalbati biyu masu gicciye da juna don iska ta shiga ta ƙasa, a jera gumagumai a kai, a ɗora mushen a rigingine, a cusa kirare da kara. Babbar dabba na iya cin yini da kwana ana ƙara itace. Fetur yana tashi da mai kunnawa, taya kuma hayaƙinta guba ne. A duba inda iska ke kaɗawa, musamman da hunturu, lokacin da kara ke jibge a ko'ina.

To, tokar fa? Kada ta shiga juji, kada ta bi taki zuwa gona. Wutar fili ba ta cinye komai, guntun ƙashi da nama na iya ɓuya a ciki. Ko da ta ƙone ƙurmus, tana da gishiri da kaifi irin na kanwa, in aka tula ta a gindin dashen mangwaro sai ya bushe. Balle a kusantar da ita inda Inna ke tara tokar da take tacewa don miya, ko wadda ake zuba wa wake a ajiya.

A bari ta huce sarai, a yayyafa ruwa don kada ta tashi, a ɗaure hanci, a kwashe da shebur har da ƙasar da ke ƙarƙashinta, a zuba a rami mai zurfin mita 1 nan kusa da inda aka ƙona. Shebur da takalma a wanke da ruwan bilic. Idan saifa ce, a kewaye wurin da shinge, a faɗa wa mai unguwa da makiyayan da ke bi ta nan, sauran garken kuma a kai su allurar rigakafi.